Ƙasar Aljannu a Cikin Gandoki da Ruwan Bagaja

Masu karatu na Ribah da sauran ƙasar Zuru, waɗanda suka samu takardar shaidar yaƙi da jahilci, sukan tambaya: tun da labarin aljannu ƙage ne, da wane ma'auni za a ce wannan ya fi wancan? To, ga littattafai biyu da za mu gwada.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar ƙaga labari. Cikin waɗanda suka ci akwai wa da ƙane, Malam Bello Kagara mai Gandoki, da Malam Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja. Dukansu biyu daga Kwantagora suka taso da labarinsu, maƙwabciyarmu.

Farkon Gandoki yana da ƙarfi ƙwarai, domin a kan ƙasa yake tsaye. Ga Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ga zuwan Turawa a 1901, ga ranar Burmi a 1903. A nan takobi yana da iyaka, gama bindiga ta fi shi, mai karatu kuwa gabansa na faɗuwa. Amma da Gandoki ya yi gabas ya shiga ƙasashen aljannu, sai iyakar ta ɓace. Kowa ya kara da shi ya sha kashi. Ƙasar da ba ta da doka ba ta da abin tsoro, jarumin da ba ya faɗuwa kuwa, wa zai hana idonsa barci dominsa?

Imam ya fi wansa dabara a nan. Tun da fari ya kafa sharaɗi guda: akwai wani ruwa mai warkarwa, an yi wa Liman ba'a don ya ambace shi, Alhaji ya fita nemansa. Kome nisan yawon, mun san abin da ake bi. Sa'an nan ya haɗa shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya cuci wancan, gobe wancan ya rama. Juyin labarin daga halin mutanen yake fitowa, ba daga sama ba, shi ya sa in ya zo mukan yi mamaki, mu kuma yarda.

Duk da haka ba mu wanke Imam sarai ba. Gamuwar Alhaji da Zurƙe gari bayan gari ta yi yawa, sai ka ce duniyar ba ta fi kasuwar ƙauye faɗi ba.