Dalili da Hujja: Tarken Halin Magneto a Labaran X-Men

A cikin taurarin labaran zane da kamfanin Marvel na Amurka yake bugawa, da wuya a sami wanda masu karatu suka fi kai ruwa rana a kansa kamar Magneto, abokin gabar ƙungiyar jaruman nan da ake kira X-Men. Wasu suna ganin mugu ne kawai aka yi wa kwalliya, wasu kuwa sun tsaya kai da fata a kan cewa shi ne mai gaskiya, abokan hamayyarsa ne suke yaudarar kansu. Manufar wannan ɗan tarke ita ce mu bi diddigin yadda marubuta daban-daban suka gina halin wannan tauraro, domin mu nuna cewa yawancin masu muhawarar sun cuɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe, wato dalilin da ya tura mutum ya yi aiki, da kuma hujjar da za ta wanke shi daga laifin aikin.

Saboda mai karatun da bai saba da waɗannan labarai ba, sun ginu ne a kan wasu mutane da aka haifa da sauyin halitta wanda ya ba su baiwar da sauran jama'a ba su da ita. A nan za mu riƙa kiransu 'yan baiwa. Jama'a suna tsoronsu, suna kuma ƙyamarsu. Farfesa Charles Xavier, wanda yake iya karanta tunanin mutane, ya kafa makaranta yana tarbiyyar matasansu a kan zaman lafiya da mutane. Magneto kuwa, wanda yake sarrafa maganaɗisu da duk wani ƙarfe, ya yi imani cewa mutane ba za su taɓa barin 'yan baiwa su rayu ba, don haka gara su riga su kai hannu.

Da Stan Lee da Jack Kirby suka fito da shi a fitowar farko ta X-Men a 1963, Magneto ba shi da wani tarihi. Ya kai hari sansanin makamai masu linzami, yana cika baki, yana son mulkin duniya. A shekara ta gaba ma sai da ya sanya kalmar "miyagu" a cikin sunan ƙungiyar da ya kafa, abin da babu wani mai hankali da ya yarda da aƙidarsa zai yi. Matsayinsa a lokacin bai wuce na Dodo a tatsuniya ba. Ba a tambayar Dodo me ya sa yake cin mutane. Aikinsa ke nan, kuma ana bukatarsa ne domin jarumi ya sami abin da zai kayar.

Wanda ya sauya wannan shi ne Chris Claremont, marubucin da ya riƙe labarin daga 1975 zuwa 1991. A fitowa ta 150 ta Uncanny X-Men, a 1981, Magneto ya ba gwamnatocin duniya wa'adi su miƙa masa wuya. Tarayyar Sobiyet ta harba masa makamai daga wani jirgin ƙarƙashin teku, shi kuwa ya nutsar da jirgin da dukkan mutanen da ke cikinsa. Daga baya jaruman suka shiga tsibirinsa, sai ƙaramar cikinsu, Kitty Pryde, yarinya Bayahudiya da ba ta wuce shekara goma sha huɗu ba, ta lalata na'urorinsa. Cikin fushi ya buge ta da ƙarfin lantarki, ta faɗi kamar matacciya. A nan ne ya ɗauke ta a hannu, jikinsa ya yi sanyi, ya tuna da ƙuruciyarsa a sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi suka hallaka danginsa.

A ganinmu wannan fage shi ne ƙashin bayan halin Magneto, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau. Abin lura shi ne lokacin da marubucin ya zaɓa ya buɗe mana wannan tarihi. Da ya kawo shi tun a farkon labarin, kafin a nutsar da jirgin, da mai karatu ya ɗauke shi a matsayin uzuri. Sai ya jinkirta shi har zuwa lokacin da mutumin yake riƙe da yarinyar da ya buge da hannunsa, yarinya daga cikin al'ummar da aka ƙona a wancan sansani, kuma 'yar baiwa, wato ɗaya daga cikin waɗanda yake da'awar yana karewa. Ke nan tarihin ya zo ne a matsayin shaida a kansa. Magneto da kansa ne ya fara gane cewa ya ari halin waɗanda suka zalunce shi, na ɗaukar ran wasu a bakin komai saboda wata manufa. Mai karatu ya fahimci inda tsoronsa ya samo asali, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, amma fahimtar ba ta dawo da matuƙan jirgin da suka nutse ba.

Claremont ya ci gaba da gini a kan wannan harsashi. A 1982 ya nuna mana yadda Xavier da Magneto suka fara haɗuwa suna abokai a wani asibitin masu taɓin hankali a Isra'ila, inda ake jinyar waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin. A 1987 kuma ya kawo labarin 'yarsa Anya, wadda gobara ta cinye a garin Vinnitsa yana kallo, mutane sun danne shi sun hana shi kai mata ɗauki. Ya huce fushinsa a kan taron, matarsa Magda ta ga abin da ya yi ta gudu daga gare shi. Ko a nan ma salon bai sauya ba: an ba mu dalili mai ratsa zuciya, sannan nan take aka ba mu mai shaida, wato matar da ta fi kowa saninsa, wadda ita ma ta tsira daga sansanin, amma ta kasa zama da abin da ya zama.

Masu sharhi da yawa sukan kwatanta Xavier da Martin Luther King, Magneto kuma da Malcolm X. Wannan kwatanci ya yi kaurin suna, amma a wurinmu bai yi wa Malcolm X adalci ba, domin bai taɓa neman mulkin duniya ba, bai kuma nutsar da jirgin kowa ba. Shi Claremont, a hirarrakin da aka yi da shi, Menachem Begin ya ambata, mutumin da ya jagoranci ƙungiyar masu ɗauke da makamai kafin ya zama firaministan Isra'ila, har ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1978. Ko me mutum yake gani game da Begin, wannan ya nuna inda marubucin ya dosa: labarin mai tayar da ƙayar baya da ya ajiye makami. Haka kuwa aka yi a fitowa ta 200, a 1985, inda Magneto ya miƙa kansa aka gurfanar da shi gaban kotu a birnin Faris, kuma Xavier, da rashin lafiya ta kayar da shi, ya damƙa masa amanar makarantarsa.

Da ƙagaggen labari ne na marubuci ɗaya, da nan ya kamata a nufi ƙarshe. To amma a nan matsalar wannan nau'in adabi take. Tatsuniya tana da ƙurunƙus, littafi yana da shafin ƙarshe, amma mujallar da za a sayar kowane wata ba ta da ko ɗaya. Tauraron mallakar kamfani ne, kuma kamfani ba zai so ya rasa babban abokin gabar jarumansa ba. Sannu a hankali aka mayar da Magneto gidan jiya. A 1991 aka buɗe sabon jerin X-Men da zanen Jim Lee, wanda fitowarsa ta farko ta sayar da kwafi sama da miliyan 8, kuma a cikinsa aka jefa shakka a kan tubar tasa, aka ce wata masaniyar kimiyya ta taɓa yi wa halittarsa kwaskwarima. Bayan fitowa ta uku Claremont ya bar aikin. Zuwa 1993 Magneto ya zare ƙarfen da ke jikin ƙasusuwan Wolverine, Xavier kuma ya shafe masa tunani gaba ɗaya. Fage ne mai ɗaukar ido, amma ta fuskar gina hali koma baya ne, domin shekara goma na nadama sun tafi a banza.

Grant Morrison, wanda ya rubuta New X-Men daga 2001 zuwa 2004, shi ne ya fuskanci masoyan Magneto kai tsaye. Da farko ya ba su abin da suke so: aka hallaka 'yan baiwa miliyan 16 a tsibirin Genosha a rana ɗaya, abin da Magneto ya daɗe yana gargaɗi a kai. Har wani ɗalibi mai taurin kai a makarantar Xavier ya riƙa yawo da riga mai rubutun da ke cewa Magneto ne ya yi gaskiya, kalmar da masu karatu suka ɗauka suka mai da ita taken su. Sannan sai Morrison ya dawo da Magneto a matsayin tsoho mai shan ƙwaya, wanda ya ragargaza birnin Niyok, ya kuma sa aka kora mutane zuwa wuraren ƙona gawa. Manufarsa a fili take: yana so ya nuna ƙarshen hanyar da masoyan suke yi wa tafi. Mun yarda da tambayar da ya yi, amma amsar ta yi kaushi. Da ya sa ƙwaya a tsakani, ya ba mutumin mafita, don ana iya cewa ba ya cikin hayyacinsa. Kamfanin ma bai yi nauyin baki ba: a 2004 aka sanar cewa wancan sojan gona ne, Magneto na gaskiya yana Genosha, kuma Claremont ne aka ba aikin dawo da shi.

Wannan shi ya sa muhawarar masoya ba ta ƙarewa. Mai cewa mugu ne yana da shafukan da zai nuna, mai cewa gwarzo ne shi ma yana da nasa, kowa kuma yana kiran abin da bai yi masa daɗi ba kuskuren marubuci. Sau da yawa ba mutum ɗaya suke magana a kai ba; ɗaya yana riƙe da Magneton 1963, ɗaya na 1985, ɗaya na 2003.

Duk da haka akwai abin da za a iya yanke hukunci a kansa. Idan ana nufin hasashensa ne, cewa mutane za su yi yunƙurin ƙarar da 'yan baiwa, to labarin ya gaskata shi ba sau ɗaya ba. Sai dai mu tuna cewa marubuta ne suke shirya waɗannan masifu, kuma dole su shirya su, don ranar da mafarkin Xavier ya tabbata ranar ce mujallar za ta rufe. Xavier ba zai taɓa cin nasara ba, kuma ba raunin aƙidarsa ne ya jawo haka ba, tsarin kasuwa ne. Idan kuwa ana nufin hanyarsa, to ba mu ga inda ta ceci kowa ba. Genosha tana hannunsa aka hallaka ta. Masu kare shi sukan kawo labarin Krakoa, ƙasar da Jonathan Hickman ya ƙirƙira a 2019, inda Xavier ya haƙura da zama cikin mutane, ya haɗa kai da Magneto suka kafa ƙasar 'yan baiwa zalla. Gaskiya ne Xavier ya matso kusa da ra'ayin abokinsa. Amma da me aka sami amincewar ƙasashen duniya? Da cinikin magunguna da zaman teburin shawara, abubuwan da Magneton 1981 zai yi wa dariya.

Aikin da ya fi riƙe wannan bambanci a bayan Claremont, a ganinmu, shi ne Magneto Testament, wanda Greg Pak ya rubuta, Carmine Di Giandomenico ya zana, aka fara buga shi a 2008. A nan an tabbatar da cewa sunansa na yanka Max Eisenhardt, yaro Bayahude daga Jamus. Babu hular ƙarfe, babu doguwar alkyabba, baiwar tasa ma sai dai a hango alamarta daga nesa. Marubucin ya ƙi yarda ya bar ƙagaggen jarumi ya karya ƙofofin Auschwitz da ƙarfin maganaɗisu, domin a tarihi babu wanda ya yi haka. Abin da muke gani shi ne yaron da aka tilasta wa aikin kwashe gawawwaki daga ɗakunan gas zuwa wurin ƙonawa, yana cire haƙoran zinariya daga bakinsu domin ya kwana da rai, har zuwa tawayen fursunoni na watan Oktoba na 1944, lokacin da ya kama hannun Magda suka tsere cikin daji.