Tsokaci a Kan Waƙar Kipling ta Wayoyin Ƙarƙashin Teku

A cikin waƙoƙin Rudyard Kipling, mawaƙin daular Ingila, akwai wata 'yar gajeruwa mai suna "The Deep-Sea Cables", wadda ya tsara a kan wayoyin tangarahu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ta fara fitowa a 1893 a matsayin wani sashe na doguwar waƙarsa "A Song of the English". Baiti uku ce kacal, kowane da ɗango huɗu.

Ta fuskar salo, sai dai a sara wa mutumin. Ya mutuntar da wayoyin, ya sa su ne ke magana da bakinsu daga wurin da babu haske babu motsi, alhali zancen 'yan Adam na gudu a cikinsu. Na sha karanta wa ɗalibaina ita idan muka zo darasin mutuntarwa, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Inda muka raba hanya da shi shi ne jigo. Waƙar ta ƙare da kiran haɗin kai, tamkar waya ta mai da mutane uwa ɗaya uba ɗaya. Riba kuwa sau ɗaya ya ambace ta, a tsakiyar jerin wasu kalmomi, ya wuce. To, wa ya biya kuɗin wannan zumunci, kuma wa ke da halin shiga cikinsa?

Tun farko da kuɗin baitulmali aka reni wannan sana'a. A 1859 gwamnatin Ingila ta lamunce wa kamfanin da zai ja waya ta Bahar Maliya zuwa Indiya ribar fam 36,000 duk shekara har shekara 50. Wayar ta lalace a 1860 ba tare da ta yi aikin da aka yi ta dominsa ba, amma alkawari ya riga ya ɗauru, masu biyan haraji suka ci gaba da biyan kuɗin matacciyar waya. Ita kuwa ta Atilantika da ta ɗore a 1866, fam 20 ake biya a kan saƙo mai kalma 20.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Ostireliya, wadda a lokacin yankuna ne daban-daban a ƙarƙashin Ingila. Kamfanonin John Pender, attajirin da ya kafa Eastern Telegraph a 1872, su kaɗai ke riƙe da hanyar. Da yankunan suka nemi a ƙara waya ta biyu saboda yawan katsewar ta farko, sai da suka yarda da biyan tallafin fam 32,400 a shekara har shekara 20, daga 1879. Duk da wannan tallafi, kafin 1891 kalma ɗaya zuwa Landan sule 9 da kwabo 4 ce. Bayan doguwar tayayya aka sauko da ita sule 4 a 1891, bisa sharaɗin cewa idan kuɗin shiga ya ragu, gwamnatocin yankunan da suka sa hannu za su ɗauki rabin hasarar. Hasarar ta zo, ta yi musu nauyi, sai aka mai da farashi sule 4 da kwabo 9 a 1893. Mai karatu ya lura da shekarar: ita ce dai wadda waƙar ta fito. Waƙar ta haura kalma 100, wato da Kipling zai buga ta ta waya zuwa Ostireliya a farashin gama-gari, da sai ya ajiye fiye da fam 23.

Wani zai ce ai waƙa ba littafin akawu ba ce, kuma ba a tilasta wa mawaƙi jera alƙaluma. Na yarda. Amma a nawa ɗan fahimtar, tunda shi ya ɗauko da'awar haɗin kai, ya halatta mai nazari ya tambaye shi su wa yake nufi. Sunan babbar waƙar ma ya ba da amsa: ta Ingilishi ce, tsakaninsu da 'yan'uwansu da suka bazu a duniya. Mu nan wayar ta iso Legas a 1886, ita ma da tallafin gwamnatin Ingila, kuma gwamna da manyan 'yan kasuwar Turai ne abokan cinikinta. Babu gurbin mutumin Legas a baitocin nan uku.

Hasali ma su kansu 'yan'uwan da ya yi wa waƙar ba su ga haɗin kai a takardar kuɗin Pender ba. Injiniya Sandford Fleming na Kanada ya shafe shekaru yana kiran a fita daga hannun kamfanin, har aka kammala wayar tekun Fasifik a 1902, mallakar gwamnatocin Ingila, Kanada, Ostireliya da Niyu Zilan, inda kalma ta koma sule 3. Wannan ja-in-ja na shekara da shekaru tsakanin attajiri ɗaya da gwamnatoci, da shi da labarin matacciyar wayar Bahar Maliya, sun fi abin da Kipling ya zaɓa nama, kuma suna gabansa lokacin da yake rubutu.