Littattafan Manyan Hafsoshi da Kurtun da Bai Iya Ruwa Ba

Littattafai biyu nake so mu ɗora a sikeli, duk a kan yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970. Na farko My Command na Olusegun Obasanjo, wanda ya fito a 1980. Na biyu The Tragedy of Victory na Birgediya Godwin Alabi-Isama, na 2013. Su biyun sun yi aiki a runduna ta uku, wadda ta yi yaƙi ta bakin teku.

A watan Yulin 1967 jiragen ruwan soja, har da NNS Nigeria, suka sauke dakaru a tsibirin Bonny, inda ake lodin ɗanyen mai, ƙarƙashin Benjamin Adekunle, wanda ake wa laƙabi da Baƙar Kunama. A watan Oktoba aka sake sauka a Kalaba, sannan Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968. Da haka aka toshe wa Biyafara teku, ta koma dogaro da jiragen sama masu sauka cikin dare a Uli.

To, a Islamiyya an koya mana kafin a karɓi labari sai a tambaya: mai ba da shi yana wurin, ko ji ya yi? Obasanjo bai karɓi wannan runduna ba sai Mayun 1969, kusan shekara biyu bayan Bonny. Ƙarfin littafinsa yana kan watannin ƙarshe da miƙa wuyar Biyafara a Janairun 1970. Abin da ya gabaci zuwansa kuwa ji ne, kuma gani ya kori ji.

Alabi-Isama ya fi kusa da ruwan, don ya yi aiki a ƙarƙashin Adekunle. Littafinsa cike yake da hotuna da taswirori, kuma nan ne amfaninsa: mutum zai ga fadama da kwale-kwale da fuskokin samari. Aibinsa shi ne shafuka da yawa sun tafi wajen yi wa Obasanjo raddi. Sai ka ce fatake biyu suna gardamar wa ya ci kasuwa, ba wanda ya tambayi ɗan dakon da ya ɗauki buhun.

Ɗan dakon nan shi ne kurtu. Sojan Najeriya ya tashi daga kimanin dubu 10 zuwa wajen dubu 250 kafin a gama yaƙi, kuma da yawa daga wannan yanki aka ɗebo su, lokacin Lafiya tana cikin jihar Binuwai da Filato. Yaron da iyakar ruwan da ya sani rafin gona ne, an ba shi ɗan horo, an rataya masa bindiga da harsashi, an ce ya diro daga jirgi. Yaya cikinsa ya yi da igiyar teku? Wa ya riƙe shi da ƙafarsa ta rasa ƙasa? Muryarsa kaɗan ce a littattafan nan, kuma da Turanci aka rubuta su, harshen da yawancin irinsa ba sa karantawa.

Mu ma fa muna da namu laifin. A hirarmu ta ƙofar shago muna yabon Murtala Muhammed, Allah ya jiƙansa, amma ba ma son ambaton Onica. A Oktoban 1967, bayan an karya gadar Kwara, rundunarsa ta biyu ta yi ta ƙoƙarin haye kogin daga Asaba cikin jiragen ruwa, ana mayar da ita baya, sojoji da dama suka halaka. Sai a Maris 1968 aka ci garin, ta tudu. A wannan Oktoban ne kuma sojojin tarayya suka kashe fararen hula masu yawa a Asaba. Mu da muke zaune da Ibo a kasuwa ɗaya, bai kamata mu ba 'ya'yanmu rabin labari ba.

Hukuncina: mai son sanin yadda aka yi yaƙin bakin teku ya fara da Alabi-Isama, ya karanta Obasanjo don jin ɗaya ɓangaren, kada ya ɗauki ko ɗaya a matsayin alƙali.

Sauran aikin namu ne. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967 yanzu yana wajen 80. Samarinmu masu manyan wayoyi, ku nemi irin waɗannan dattawa a unguwa ko ta ofishin tsofaffin sojoji. Ku gaishe su, ku nemi izini, ku naɗi muryarsu da harshen da suka ga dama. Ku tambayi sunan jirgin, da wanda ke zaune kusa da su, da ko ya dawo. Wanda ya ƙi magana kada a matsa masa. Wanda ya yarda kuwa, ku kawo wa wannan mujalla a buga.