Hannun da Ya San Inda Zai Tsaya

Duk wanda ke shiga motar haya tsakanin Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya zuwa Kusada ya san wannan ƙauri na baƙin mai da ke shigowa ta taga idan tsohuwar mota ta ɗau zafi. Sau da yawa daga murfin saman injin yake, wanda ya rufe bawul-bawul. Tsakaninsa da kan injin akwai gasket na roba ko na ɓawon itace. Shekara da shekaru zafi na gasa shi har ya bushe ya ƙage, sai mai ya sami hanya, ya gangara kan bututun hayaƙi ya riƙa ƙonewa.

Tsofaffin Peugeot 504, waɗanda aka fara haɗa irinsu a Kaduna tun 1975, injinsu a kishingiɗe yake, don haka man yakan taru a gefe guda yana cin gasket ɗin. Golf ɗin da suka gaje su a tasha ma ba su tsira ba.

Gwanin bakanike ba ya fara ɗaukar sifana. Ƙurar hunturu ta riga ta manne da mai ta zama taɓo, ba a gane inda yoyon ya faro. Sai ya sa yaronsa ya wanke wurin da kananzir, a tayar da mota, ya tsuguna yana kallo. Mai gangara yake yi, saboda haka yana bin sawunsa sama har ya iske jiƙa ta farko.

Idan ya cire murfin, zai kankare tsohon gasket tas, ya cusa tsumma kada ɓarɓashi ya faɗa ciki. Daga nan ne nake son tsayawa in kalle shi. Yakan ɗaga murfin saitin ido kamar mai duba miƙewar kara, domin ƙarfen siriri ne, kuma masu ɗaurin ƙarfi na baya sun lotsa bakin ramukan noti. Ya ɗora shi a kan katako, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar guduma, a hankali, har leɓen ya daidaita. Sabon gasket, ko na kasuwar Ƙofar Ruwa ne mai tsada, ba zai zauna a kan karkataccen ƙarfe ba.

Gam kuwa ɗigo yake sawa a kusurwoyi kawai. Wanda ya lafta shi ya jawo wa mai mota asara, don rarar takan ɓalle ta toshe rariyar famfon mai. Yana kuma busa tiyon da injin ke numfashi ta cikinsa. In ya toshe, iska za ta matse a ciki ta sake turo mai waje.

Sai ɗauri. Daga tsakiya yake farawa, ya tsallaka wancan gefe, ya dawo, zagaye biyu ko uku, da yatsu uku a kan sifana. Direba na tsaye a kansa yana cewa, "Oga, ƙara masa kaɗan mana." Shi kuwa ya girgiza kai: "Alhaji, in na ƙara, jibi za ka dawo." Ya goge gefen murfin da busasshen tsumma, ya bar injin yana aiki, ya shafa yatsa a ƙasan leɓen, ya nuna wa direba yatsan a bushe.