Jinjina ga Masu Gyaran Kwamfuta

Saura kwana uku in miƙa wani aiki kwamfutata ta soma mutuwa da kanta, minti kaɗan bayan na kunna. Abokai suka yi ta ba ni dabaru ta waya, wannan ya ce cire batir, wancan ya ce ƙwayar cuta ce. Duk a banza. Sai na rungume ta na nufi titin Beirut a Kano.

Matashin da na samu a wani ɗan tsukukun shago bai nemi dogon bayani ba. Ya kunna ta, ya kara kunne, ya taɓa inda iska ke fita, ya ce, "Yallaɓai, ƙura ce." Ya kwance sukurori ya tara su a murfin gwangwani don kada ɗaya ya ɓace. Ashe ƙurar hunturu ce ta toshe fankar ciki, ta dunƙule kamar auduga. In zafi ya yi wa injin yawa, kashe kansa yake yi don kada ya ƙone. Da tsohon buroshin haƙori ya share ta, ya goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar injin, ya shafa sabo.

Da yawan masu gyaran nan a gaban maigida suka koya, shekara da shekaru, cikin ƙarar janareta. Akwai ɓata-gari masu musanya wa mutum kaya, ban musa ba. Wannan matashin kuwa ko fayil ɗaya nawa bai leƙa ba.

Kafin la'asar na koma gida da ita lafiya lau. Masu gyara na titin Beirut da kasuwar Farm Centre, Allah ya yi wa sana'arku albarka.