Rawar da Ta Bar Gidan Gado

Bahaushen da ya tashi da kallon fina-finan Indiya ya san rawar ƙasar fiye da yadda yake zato. Wanda ya ga Madhubala tana juyi a fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960, ko Meena Kumari a Pakeezah na 1972, to ya ga Kathak, domin Lachhu Maharaj, ɗaya daga cikin manyan gidan rawa na birnin Lucknow, yana cikin waɗanda suka tsara takun. Vyjayanthimala da Hema Malini kuwa sun ƙware a Bharatanatyam tun kafin su tsaya gaban na'urar ɗaukar hoto. Har rawa da waƙar da fina-finan Hausa suka runguma, ta wannan hanya ta biyo. Sai dai abin da fim yake nuna mana gutsure ne, an yanko shi an yi masa kwalliya ya dace da minti biyar. Uwar abin tana can, kuma tana cikin wani hali da ya kamata mu sani.

Hukumar Sangeet Natak Akademi, wadda aka buɗe a Delhi a 1953, ta amince da raye-raye takwas a matsayin na asali: Bharatanatyam daga Tamil Nadu, Kathak daga arewa, Kathakali da Mohiniyattam daga Kerala, Kuchipudi daga Andhra, sai Odissi, Manipuri, da Sattriya ta jihar Assam wadda ta shiga sahu a shekarar 2000. Galibinsu suna jingina da littafin Natya Shastra, wanda shekarunsa suka kai wajen dubu biyu. Wannan jingina ce take sa baƙo ya ɗauka cewa abin da yake gani a dandamali haka yake tun kaka da kakanni. Ba haka ba ne. Yawancin raye-rayen an sake musu gini ne a ƙarni na 20, kuma ina ganin kusan duk matsalar da ake kuka da ita yau daga wannan sabon gini ta tsiro.

Kafin mu je can, mu matsa kusa mu ga abin da ake yi. Mai rawar Bharatanatyam takan durƙusa rabi, diddige kusa da diddige, gwiwoyi a buɗe gefe da gefe, baya a miƙe. A haka za ta riƙa dukan ƙasa da tafin ƙafa, ƙananan ƙararrawa a ɗaure a idon sawunta suna amsa wa ganga. A gefe ga malaminta zaune, yana buga ƙananan faifan ƙarfe yana furta ƙirgen kiɗan da baki. Wannan ɓangaren motsa jiki ne zalla. Ɗaya ɓangaren, wanda suke kira abhinaya, shi ne zuciyar sana'ar. Mawaƙi zai ɗauki baiti ɗaya ya yi ta maimaitawa, ita kuma kowane maimaici sai ta ba shi wata sabuwar ma'ana da ido da gira da yatsu. A ce baitin kiran masoyi ne da ya yi jinkiri: karon farko ta kira shi da marmari, na biyu da fushi, na uku ta leƙa ƙofa ta dawo jiki a sanyaye, na huɗu ta zama uwa mai kiran yaronta da ya tafi wasa. Ba ta ce uffan ba, amma wanda ke zaune a gaba ya ji duka.

Wannan rawa, a da ana kiranta sadir, kuma sana'ar gado ce ta wasu gidaje. Matan gidajen, waɗanda aka fi sani da devadasi, su ke rawa a wuraren bauta da fadoji da gidajen attajirai, mazansu kuma su ke kiɗa da koyarwa. Jerin da ake bi a wasa har yau, wasu 'yan'uwa huɗu ne daga irin waɗannan gidaje, Chinnayya da Ponnayya da Sivanandam da Vadivelu, suka tsara shi a fadar Thanjavur a farkon ƙarni na 19. Daga 1892 aka fara gangami a Madras, wato Chennai ta yau, na ƙyamar mata masu rawa, inda 'yan mishan da 'yan bokon Indiya suka haɗa kai suna kiran abin karuwanci. Likita Muthulakshmi Reddy, wadda ita kanta mahaifiyarta daga irin gidan take, ta kai ƙudurin doka majalisa a 1930, kuma a 1947 aka haramta sadaukar da 'ya'ya mata ga wuraren bauta.

Ba zan ce masu gyaran ba su da hujja ba. Yarinyar da aka yanke wa makoma tun ba ta san ciwon kanta ba an zalunce ta, ko da wace irin fasaha aka koya mata. Amma dubi abin da ya biyo baya. A daidai lokacin da ake korar matan daga fili, rawar tasu sai ta sami sababbin masu so. Rukmini Devi Arundale, 'yar gidan Brahmin, wato rukunin da ke saman tsarin Indiya na fifita mutane bisa haihuwa, ta koyi rawar a hannun malamin gado Meenakshisundaram Pillai, ta fito bainar jama'a a 1935, ta kafa makarantar Kalakshetra a 1936. Ta sake tufafin, ta mayar da makaɗa gefe su zauna maimakon su riƙa bin mai rawa a tsaye, ta kuma tace waƙoƙin soyayya da take ganin sun yi tsiraici, ta ƙarfafa na ibada. Ta yi aiki mai kyan gani, kuma ba don irinta ba da wataƙila rawar ba ta kai inda ta kai ba. Illa dai an wanke rawar ne ta hanyar cire masu ita. T. Balasaraswati, wadda aka haifa a 1918 a gidan da ya gaji kiɗa da rawa tun zamanin fadar Thanjavur, ta tsaya kai da fata har ta rasu a 1984 cewa soyayyar da ke cikin waƙoƙin ita kanta ibada ce, ba ta bukatar wanki. Ita ta yi suna har mai shirya fina-finai Satyajit Ray ya yi fim a kanta a 1976. Ɗaruruwan 'yan'uwanta kuwa sun ɓoye asalinsu, sun bar sana'ar. Mu da muka san yadda ake jin daɗin kiɗan maroƙi amma a hana shi auren 'yar gida, wannan labari ba zai yi mana wuyar fahimta ba.

Kathak ma ta bi makamanciyar hanya. Ta bunƙasa a fadojin arewa, musamman fadar Wajid Ali Shah na Awadh, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1856. A nan Musulmi da Hindu suka yi tarayya: mai rawa zai buɗe da sallama irin ta fada, ya kuma kawo labarin Krishna, abin bautar Hindu. Daɗinta yana cikin lissafi. Mai rawa da mai kaɗa gangar tabla suna zagaya kiɗa mai bugu 16, sai mai rawa ya ɗauko wani ɗan taku ya maimaita shi sau uku, ya auna yadda bugunsa na ƙarshe zai faɗo daidai kan bugun farko na sabon zagaye, ya tsaya cak. Masana da ke wurin tare suke sakin numfashi. Amma da aka zo rubuta tarihin wannan rawa, sai aka cika shi da sunayen malamai maza, aka ture matan tawaif, wato masu waƙa da rawa na fada, da suka riƙe ta shekara da shekaru. A Pakistan kuma abin ya zo ta wata fuska. Zamanin mulkin Janar Zia-ul-Haq, daga 1977 zuwa 1988, an matsa wa rawar mata lamba, aka dakatar da shirin Payal na mai rawar Kathak Nahid Siddiqui a talabijin, har ta koma Ingila da zama. Sheema Kermani ta ƙi tafiya, ta ci gaba da koyarwa a Karachi. A Indiya ana so a kankare wa Kathak alamun fadar Musulmi, a Pakistan ana ganinta kayan Hindu.

Masu ra'ayin riƙau sukan ɗora laifin lalacewar rawa a kan 'yan zamani. Ban yarda ba. Tun Uday Shankar, wanda ya yi fim ɗin Kalpana a 1948, ake ƙirƙirar sabon salo. Chandralekha ta gaji da labaran alloli da murmushin dole, ta koma ga jiki kansa, ta haɗa Bharatanatyam da yoga da kalaripayattu, fasahar faɗa ta Kerala, a aikinta Angika na 1985. Astad Deboo ya yi shekaru yana aiki da kurame. Akram Khan, ɗan asalin Bangladesh da aka haifa a Landan a 1974, ya ɗauki saurin ƙafa da juyin Kathak ya ba da labarin ƙasar iyayensa a wasansa Desh, sannan na sojan Indiya a yaƙin duniya na farko a Xenos. Waɗannan mutane sun san abin da suka karya, domin sai da suka koye shi tukuna. Sun kuma fi gaskiya, tunda ba su ce abin nasu ya shekara dubu biyu ba.

Abin da ke cin rawar a yau, na farko gaggawa ce. Babban yanki na wasan Bharatanatyam, wato varnam, yakan ci minti 30 zuwa 45. Kathakali a da kwana ake yi ana kallonta har gari ya waye, kwalliyar fuska kaɗai takan ci sa'o'i. Yanzu masu shirya biki sukan ba mai rawa ɗan taƙaitaccen lokaci, wayar hannu kuma daƙiƙoƙi take bayarwa. Tun da aka hana TikTok a Indiya a 2020 matasa suka koma Instagram, kuma abin da ke karɓuwa a can shi ne tsalle da juyi da ɗaga ƙafa. Gaskiya ne an samu masu rawa da jikinsu ya fi na magabata horo. Amma abhinaya ba ta shiga daƙiƙa 30. Tana son zama, tana son mai kallo ya san waƙar, tana kuma son shekaru, shi ya sa sau da yawa dattijuwa mai nauyin jiki take fin budurwa iya ta. In aka ci gaba da yanke wannan ɓangare, za a wayi gari da gwanayen motsa jiki da ba su da abin faɗa.

Sai kuɗi. Fitowar farko ta ɗaliba, wadda ake kira arangetram, a da shaida ce cewa malami ya yarda ta isa. Yanzu, musamman a wurin Indiyawan Amurka da Ingila, ta zama kamar bikin aure: hayar zaure, ɗauko makaɗa daga Chennai, tufafin siliki kala-kala, abinci, kyautar malami. Yara da yawa daga ranar suke ajiye ƙararrawa. A bikin kiɗa da rawa na watan Disamba a Chennai kuwa, an daɗe ana ƙorafin cewa matashiya mai rawa ita ke biyan makaɗa daga aljihunta, wani lokaci har ta ba masu zaure gudummawa kafin a sa sunanta. Sana'ar da mai yinta ke biya kafin ya yi, 'ya'yan masu hali kaɗai za ta rage wa.

Ikon malami ma ya zo gaban jama'a. Tsarin zama a gidan guru, wato malami, yana ba da ilimin da aji ba ya bayarwa, amma yana sa ɗalibi a tafin hannun mutum ɗaya, wanda in ya juya maka baya ka gama. A 2018 Music Academy ta Madras ta cire mutum bakwai daga jerin masu wasa bayan zarge-zargen cin zarafi, kuma a watan Maris na 2023 ɗaliban Kalakshetra kanta suka fito zanga-zanga kan irin wannan zargi. Wannan fitowa ta yara alheri ce, ko da ta ɓata wa manya rai.

Tsohon miki kuwa bai warke ba. A watan Maris na 2024 wata dattijuwar mai rawa a Kerala ta yi kalaman da aka fahimta da RLV Ramakrishnan take, namiji baƙar fata daga rukunin da ake rainawa, tana nuna cewa launinsa bai dace da Mohiniyattam ba. Jama'a suka yi ca, kuma cikin 'yan kwanaki makarantar Kerala Kalamandalam, wadda mawaƙi Vallathol ya kafa a 1930, ta sanar cewa za ta fara karɓar maza a wannan fanni. A Tamil Nadu, Nrithya Pillai, wadda ta fito daga gidan gado, tana rawa tana kuma magana a fili cewa waƙoƙin da ake takawa na kakanninta ne, amma zuriyarsu ba ta cikin masu zaɓen wanda zai hau dandamali. Binciken Davesh Soneji da ya fito a 2012 ya nuna cewa a wasu ƙauyukan Andhra akwai tsofaffin mata da suka ci gaba da rera waƙoƙin suna nuna su da hannu a cikin gida, a tsakaninsu kawai, shekaru bayan an hana su fili. Abin da 'ya'yan gidajen ke nema a yanzu a bayyane yake: a ambaci sunan gidan da waƙa ta fito, a gyara tarihin da ake koyarwa a makarantun rawa, a ba su kujera a kwamitocin da ke raba dandamali da tallafi, a kuma biya makaɗi da mai rawa haƙƙin aikinsu.