"Ka kashe aikin da yake gudu": ina Hausar take a nan?

Wani ɗalibi daga Tsanyawa ya turo mana hoton wata takarda da aka manna a bangon shagon da yake koyon kwamfuta. Ga abin da aka rubuta: "Idan kwamfuta ta tsaya, ka buɗe Manajan Aiki ka kashe aikin da yake gudu." Ya ce abokin karatunsa ya ga kalmar "kashe", ya danne maɓallin wuta, takardar da ya wuni yana bugawa ta bi ruwa. Tambayarsa ita ce, laifin wa?

To, ni dai a kan jimlar na ɗora laifin. Kowace kalma a cikinta Hausa ce, har "manaja" ma ta daɗe da zama 'yar gida, amma da Turanci mai rubutun ya yi tunani.

Ku fara sanin abin da ake magana a kai. A Windows akwai wata manhaja mai suna Task Manager, wadda David Plummer ya rubuta, ta fito tare da Windows NT 4.0 a 1996. In kun danna Ctrl da Shift da Esc tare, za ta jero muku duk abin da kwamfutar ke yi a daidai wannan lokaci, da yawan ƙwaƙwalwar da kowanne ya cinye. Masu Linux suna da irinta, kamar htop da Hisham Muhammad ya fitar a 2004. Abin da ake jerowa ɗin ba manhajojin da ke ajiye ba ne. Ku ɗauki garma da huɗa: garma tana jingine a zaure rani da damina, huɗa kuwa sai an ɗaura wa shanu ana ja. Manhaja ita ce garmar, abin da ke cikin jerin shi ne huɗar. Shi ya sa za ku buɗe Chrome guda ɗaya, ku tarar ya rabu gida-gida a jerin.

Yanzu "gudu". A Hausa wanda ya gudu ya bar wurin ne, in kuwa aka ce abu yana gudu, sauri ake nufi. Abin dariyar ma, abin da ake so ɗalibin ya nemo shi ne wanda ya ƙi motsi! Muna da "gudana", kamar yadda taro ke gudana. Amma ko ita ba dole ba ce, domin lokaci mai ci ya riga ya ɗauke mana wannan nauyi. Ku ce "manhajar da ke aiki", wannan 'yar "ke" ɗin ta gama bayani.

"Kashe" ita ce ta yi ɓarnar. Duk inda Bahaushe ya haɗa ta da na'ura, yanke wuta yake nufi: kashe fitila, kashe rediyo, kashe janareto. Jimlar ta buɗe da kwamfuta, ta zo da kashe, me kuke so sabon ɗalibi ya yi? Ko a Turancin ma kalmar ta ɗauki kayan da suka fi ƙarfinta. A Linux, umarnin kill saƙo kawai yake aikawa. In ba ka ƙara komai ba, saƙo mai lamba 15 yake turawa, wato manhaja ta tattara kayanta ta fita. Wannan ai sallama ce. In ka sa lamba 9, ba shawara, nan take ake yanke ta, ko adana abu ba za ta samu yi ba. Akwai kuma saƙon da ke riƙe ta a inda take har sai an ce ta ci gaba, wato dakatarwa. Kun ga inda Bature ya cusa abu uku a kalma ɗaya, mu muna da sallama da dakatarwa da kisa, kowanne da muhallinsa. Me zai sa mu ari talaucin wani?

Sai "ta tsaya". Ba laifi ba ce, amma ku saurari masu gyara a shago: "ta maƙale" suke cewa, ko "ta daskare". Kuma sau da yawa manhaja ɗaya ce ta maƙale, kwamfutar lafiyarta ƙalau. Af, tunda mun zo nan, masu rubuta "ka tsaya manhajar" su lura: "tsaya" aikatau ne ƙi-karɓau. In akwai karɓau, sai "tsayar da", kamar "dakata" da "dakatar da".

Da ni aka ba alli, ga abin da zan rubuta: "Idan manhaja ta maƙale, kada ka kashe kwamfutar. Danna Ctrl da Shift da Esc, ka nemo sunan manhajar, ka danna End task don a rufe ta ta ƙarfi. Abin da ba ka adana ba a cikinta zai iya ɓacewa." Ta fi ta farko tsawo, na sani. Na kuma bar End task yadda yake da gangan, domin in kwamfutocin shagon da Turanci suke, shi idon yaron zai nema.

"Manajan Aiki" kuwa har yanzu ba ta kwanta mini ba. Manaja shi ke raba aiki, wannan kuwa dubawa take yi ta kawo rahoto, sai kai mai kwamfutar ka yanke hukunci. Na fi karkata ga "Mai Sa Ido", ko da yake ita ma ba ta nuna cewa ana iya korar wani daga nan ba.